DARASIN LAFIYA: Yadda A Ke Kwanciya Sa'ad Da Za A Kashe Hannu Da Allura

'Yan'uwa manoma, lokacin girbi da sussuka lokaci ne da hannu ya ke cikin hatsari ƙwarai. Lauje da adda suna yanka. Bel ɗin injin niƙa ya kan fizgi hannun riga ya haɗa da hannun mutum. Wani ya kan faɗo daga amalanken shanu ko daga kan rumbu, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ƙashi ya karye. Waɗansu raunukan wanki da ɗinki kaɗai su ke bukata. Waɗansu kuwa sai an shiga da mutum ɗakin tiyata, a haɗa ƙashi ko a ɗinke jijiyar da ta tsinke.

A nan ne tsoro ya kan shigo. Da yawa cikin mutanenmu, da zarar an ce "sai an yi aiki", abin da ya ke faɗo musu a rai shi ne allurar barci, da tunanin ko za a farka ko ba za a farka ba. Saboda wannan tsoro sai a ɗauke mai rauni a kai shi wurin maɗori, a ɗaure hannu tam, har ya kumbura ya lalace. Muna so ƙungiyoyinmu su sani, ba kowane aikin hannu ne ya ke bukatar a sa mutum barci ba. Akwai allurar da a ke yi kusa da jijiyoyin hannu, sai hannun kaɗai ya mutu na waɗansu awoyi, mutum kuwa yana nan idonsa biyu, yana numfashi da kansa, yana jin maganar likita.

To, tun da ya ke mutum a farke ya ke, shi ma yana da nasa rabon aiki. Likita ba zai iya kai allura inda ya kamata ba sai mai rauni ya kwanta yadda aka ce masa, ya kuma tsaya cik. Wannan kwanciya ita ce darasinmu.

Inda jijiyoyin hannu su ke bi

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da abu uku. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiya mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma jijiyar ji, wadda ta ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi: ita ce ta ke gaya mana wuri ya yi zafi, ita ce kuma ta ke gaya wa yatsa ya motsa. Ta ukun nan ce mu ke magana a kanta.

Jijiyoyin ji na hannu daga laka su ke fitowa, ta saiwa 5: guda 4 daga ƙasan wuya, guda 1 daga farkon baya. Suna haɗuwa su ratsa tsakanin tsokoki 2 a gefen wuya, su bi ta kan haƙarƙari na fari, su wuce ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda ya ke fitowa fili idan mutum ya rame. Za mu kira shi ƙashin wuya. Daga nan su shiga hamata, su rarrabu, kowace ta nufi nata yanki har zuwa kan yatsu.

Masu noman lambu za su gane wannan da sauri. Idan aka tare babbar hanyar ruwa daga sama, babu fangalin da zai sami ruwa a ƙasa. Idan kuwa ƙaramin reshe aka tare, fangali ɗaya ne zai bushe. Haka allurar nan ta ke. A kan zuba magani a gefen jijiya, ba a cikinta ba, maganin ya tare saƙo. Idan a wuya aka tare, kafaɗa za ta mutu. Idan a hamata ne, daga gwiwar hannu zuwa yatsu.

Abin da ya sa kwanciya ta zama babbar magana shi ne maƙwabtan jijiyoyin. A wuya suna kusa da manyan jijiyoyin jini masu zuwa kai, ba su kuma da nisa da laka. A wajen ƙashin wuya suna dab da kan huhu. A hamata sun kewaye babbar jijiyar jini ta hannu. Tsakanin wurin da a ke so da wurin da ba a so, wani lokaci bai kai faɗin yatsa ba.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A 1884 wani likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa koken yana kashe zafi a ido. Ba da daɗewa ba William Halsted a Amurka ya gwada shi a kan jijiyoyin hannu, amma sai da ya tsaga fata ya ga jijiyar da ido. A 1911 likitoci 2 na Jamus suka nuna yadda za a kai maganin da allura ba tare da tsaga ba: Georg Hirschel ta hamata, Diedrich Kulenkampff ta saman ƙashin wuya. Kulenkampff a jikinsa ya fara gwadawa, kuma a zaune ya kan ajiye majinyatansa. A 1970 Alon Winnie a Amurka ya bayyana hanyar gefen wuya. Dukansu da lalube su ke neman jijiya, suna dogara ga ƙashi da tsoka da bugun jini. Daga wajen 1994 aka soma amfani da na'urar hoto, irin wadda a ke duba cikin mata masu juna biyu da ita, likita yana ganin jijiya da bakin allura. Hatsari ya ragu sosai. Duk da haka na'ura ba ta riƙe wuyan mutum. Wanda ya zabura, ya zabura.

Allurar gefen wuya

Wannan domin aikin kafaɗa ce da saman hannu. Mutum zai kwanta rigingine, a ɗan ɗaga kan gado, ko a sa masa siririn matashin kai. Hannu mai ciwo yana kwance a gefen jiki. Sai ya juya fuskarsa zuwa wancan gefe, watau idan hannun dama ne zai dubi hagu. Ba a murɗa wuya har ƙarshe. Rabin juyi ya isa, gama murɗawa da yawa tana sa tsokoki su ɗaure, jijiyoyi su miƙe. Likita ya kan ce, "Ɗan ɗaga kanka," domin doguwar tsokar wuya ta fito ya san inda ya ke, sa'an nan ya ce a mai da kai a saki jiki.

Ga wani abu da mu ke so a lura da shi. Mun tashi da ladabin juyowa wajen babba idan ya yi mana magana, da gyaɗa kai idan mun yarda. A kan wannan gado ladabin nan hatsari ne. Idan likita ya tambaye ka, amsa da baki, a hankali, fuska tana inda aka ajiye ta. Idan ka ji tari ko atishawa na zuwa, ka faɗi tun da wuri domin ya janye allura.

Jijiyar da ta ke motsa faffaɗan naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda mu ke gani idan an feɗe akuya, ta nan kusa ta ke bi. Sau da yawa maganin ya kan kama ta, sai rabin naman ya huta har maganin ya sake, ƙarfin numfashi ya ragu da kamar kashi 1 cikin 4. Manomi mai lafiyar ƙirji da ƙyar zai lura. Amma mai ciwon asma, da wanda tarin fuka ya taɓa cin huhunsa, da dattijon da ya ke haki idan ya hau ɗan tudu, lalle su gaya wa likita tun kafin a fara, domin ya zaɓi wata hanya. Bayan allurar, zama a jingine ya fi kwanciya shimfiɗe sauƙin numfashi. Wani muryarsa ta kan dishe, ko fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, hanci ya toshe ta wannan gefe. 'Yan jinya kada su ce shanyewar jiki ce. Za su wuce tare da maganin.

Allurar saman ƙashin wuya

A nan jijiyoyin sun taru wuri ɗaya kamar dami, saboda haka allura guda ta kan kashe kusan dukan hannu, kuma da sauri. Ana yinta domin aikin gwiwar hannu, da damtse, da tafin hannu. Mutum zai jingina, tsakanin zama da kwanciya, fuska ta juya wancan gefe, hannu a gefen jiki. Sau da yawa likita zai ce, "Miƙa hannunka kamar za ka taɓa gwiwarka." Dalili shi ne kafaɗa ta sauka, ramin da ya ke bayan ƙashin wuya ya buɗe.

Wannan umarni ya saɓa wa abin da jiki ya ke so. Mai jin tsoro noƙe wuya ya ke yi, ya ɗage kafaɗu, kamar kunkuru. Da ya yi haka wurin ya rufe, likita ya rasa hanya. Kuma a nan ne huhu ya fi kusa, gama kan huhu ya ɗara ƙashin wuya da kamar inci 1, musamman ga dogon mutum siriri. Idan allura ta huda tantanin huhu, iska ta kan shiga ƙirji ta danne huhun. Da na'urar hoto wannan ba ya cika faruwa ba. Amma a san cewa alamarsa ba lalle ta fito nan take ba, ta kan iya jinkiri har kwana guda. Wanda aka yi wa wannan allura, ya koma gida ya ji sukar ƙirji ko numfashi yana yi masa wuya, a mai da shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma ta ƙarƙashin ƙashin wuya. Ita kwanciyarta rigingine ce, allura ta ratsa tsokar ƙirji. Amfaninta shi ne ana iya yinta ko da hannu ba ya ɗaguwa saboda karaya.

Allurar hamata

Ita ce ta fi nisa da huhu da jijiyar numfashi, saboda haka likitoci da yawa sun fi sonta domin aikin damtse da wuyan hannu da yatsu, waɗanda kuwa su ne injin niƙa da adda su ka fi ci. Mutum zai kwanta rigingine, a buɗe hannu zuwa gefe har ya yi daidai da kafaɗa, a lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu su dubi wajen kai, kamar mai jinjina wa sarki amma a kwance. Bayan hannu ya huta a kan matashi.

Kada hannu ya wuce kafaɗa. Mutane su kan so su tura hannun can sama, ko su cusa shi ƙarƙashin ƙeya kamar mai hutawa a gindin bishiya, suna tsammani suna taimakon likita. A'a. Ɗagawa fiye da kima tana jan jijiyoyi su yi tsiri kamar igiyar guga, kan ƙashin hannu kuma ya danne jijiyar jini har bugunta ya ɓace, alhali bugun nan shi ne alamar da likita ya ke bi idan babu na'ura.

Idan buɗe hannun yana da zafi, a faɗi. Ma'aikaci zai tallafe shi a hankali, ko a ba da maganin zafi tukuna, ko a sake hanya. Idan akwai maruru ko kaluluwa a hamata ba a yin allura a wurin.

Ga 'yan'uwanmu mata, mun san buɗe hamata gaban baƙon namiji abin jin nauyi ne, har wata ta kan riƙa jawo hannu tana rufewa. Babu laifi mace ta roƙa a rufe mata ƙirji da zane, a bar hamata kaɗai, ta kuma roƙa wata ma'aikaciya ta tsaya kusa da ita. Shugabannin zumuntar mata su gaya wa mata wannan tun ba a shiga bukata ba.

Abin da za a ji, da abin da za a faɗa

Kafin allurar za a sa wa mutum ƙaramar allurar ƙarin ruwa a hannu mai lafiya, a ɗaura abin awon jini. Za a tambaye shi sunansa da hannun da za a yi wa aiki, wataƙila sau 2 ko 3, har a yi alama da biro a kan hannun. Kada ya ji haushi ya ce ba su san aikinsu ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyin da a ke yi kafin tiyata, wannan yana ciki. Bayan an lulluɓe mutum da ƙyalle an juya shi, dama da hagu suna iya rikicewa. Ya faɗi da bakinsa, ya nuna da yatsa.

Za a wanke wurin da magani mai sanyi. Za a ji ɗan tsini, sa'an nan dannawa. A waɗansu asibitoci ana haɗa allurar da wata 'yar na'ura mai ba da ƙaramin lantarki, sai mutum ya ga hannunsa yana motsi da kansa. Wannan alama ce an zo kusa da jijiya. Kada a hana hannun, kada a kama shi da ɗayan.

Amma idan aka ji wani zafi mai kaifi ya harba har yatsu, kamar an taɓa minjirya a kogi, ko kuwa zafi mai tsanani sa'ad da a ke tura magani, a yi magana nan take. Baki ne zai motsa, ban da jiki. Mun san maza da yawa suna ganin cije haƙori shi ne jarumtaka. A gona haka ne. A nan kuwa shirun nan yana iya sa a zuba magani cikin jijiyar kanta ta sami rauni, gama likita ba shi da wata hanyar sanin abin da mutum ya ke ji sai ta bakinsa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba a cika son sa babba barci kafin a yi masa irin allurar nan ba.

Haka kuma idan maganin ya shiga jini da yawa yana da guba ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa likita ya ke ja da sirinji baya ya duba ko akwai jini, ya tura kaɗan, ya dakata, ya sake. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓe da harshe su yi nauyi, kunne ya riƙa ƙara, kai ya yi jiri. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya faɗa, sai a tsai da allura.

Bayan an gama sai a jira minti 15 zuwa 30. Hannu zai yi ɗumi, ya yi nauyi, ya ƙi ɗaguwa. Za a gwada da auduga mai sanyi ko da ɗan tsini. A faɗi gaskiya. Kada a ce ya mutu domin a faranta wa likita rai. Wani lokaci maganin ya kan tsallake jijiya ɗaya, sai a ƙara allura a ƙasa, ko a koma ga allurar barci. Saboda wannan yiwuwar ne a ke hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa awa 2. Kunu da koko da fura da nono duk abinci ne. Masu kai mai rauni asibiti kada su ɗura masa kome a hanya domin tausayi. Su cire masa zobe da warwaro tun hannu bai kumbura ba.

Akwai wata hanya dabam da August Bier na Jamus ya fito da ita a 1908, wadda ta dace da gajeren aiki da bai kai awa 1 ba. A ɗaga hannu sama na minti 2 ko 3 jini ya gangara, a naɗe shi da roba, a hura abin matsewa a saman hannu, sa'an nan a zuba magani cikin jijiyar jini. Matsin yana da damuwa. Amma shi ne ya tsare maganin a hannu, ba a kuwa sake shi kafin minti 20 ko da aiki ya ƙare. Mai rauni kada ya matsa a kwance masa.

A kan gadon aiki

Za a shimfiɗa hannu a kan wani katako a gefen gado, a sa labule tsakaninsa da fuska. A nan ma ba a buɗe hannu fiye da kafaɗa. A kan sa abu mai laushi a ƙarƙashin gwiwar hannu, gama akwai jijiyar da ta bi ta bayan ƙashi a wurin, dab da fata. Ita ce wadda idan mun buge gwiwar hannu mu kan ji tsam har ƙaramin yatsa. Hannu mai rai, idan an danne ta, zai gusa da kansa. Wanda aka kashe ba zai gusa ba.

Wani abin mamaki ya kan faru. Mutum ya ji kamar hannunsa yana nan lanƙwashe a kan ƙirji, alhali yana miƙe a kan katako. Ƙwaƙwalwa ce ta riƙe wurin da ta bar shi. Ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba.

Kwanciyar awa 1 ko 2 a kan gado mai tauri tana gajiyar da baya. A yi fitsari kafin a shiga. Idan baya ya ƙage ko ƙafa ta gaji, a nemi izini kafin a gyara kwanciya, gama ɗan motsin kafaɗa yana girgiza wurin da a ke ɗinki. Mace mai ciki da ya kai wata 5 ko fiye ta faɗa, domin a karkata ta wajen hagu, kada nauyin ciki ya danne babbar jijiyar jini. Aikin kafaɗa sau da yawa a zaune a ke yinsa, a jingine. Wanda ya ji duhu-duhu ko tashin zuciya a wannan zama ya yi magana. Addu'a a zuciya ba ta motsa kowa, kuma tana kwantar da numfashi.

Bayan an fito

Mu a ganinmu nan ne aka fi yin sakaci, domin likita ya gama nasa, saura 'yan gida. Tsawon mutuwar hannu ya danganta ga maganin. Wanda a ke kira lidoken ya kan yi kamar awa 2 zuwa 4. Wanda a ke kira bufibaken ya kan wuce rabin yini, wani lokaci har kwana guda. A tambayi ma'aikaci wanne aka yi.

Ekklesiyoyinmu sun daɗe da sanin aikin jinyar kuturta, dattawa kuma za su tuna darasin da a ke koya wa masu wannan ciwo: ba ciwon ne kaɗai ya ke cin yatsu ba, rashin ji ne ya ke sa wuta da ƙaya su ci hannu mai shi bai sani ba. Hannun da aka kashe da allura haka ya ke na kwana guda. A rataye shi a wuya da ƙyalle, tafin hannu ya ɗara gwiwar hannu tsawo. Kada a bar shi yana reto, domin zai bugi ƙofa ko ya ja kafaɗa. A nisanta shi da murhu, da kaskon wuta lokacin hunturu, da fitila, da ruwan zafi. Idan a kan babur za a koma gida, wani ya zauna a baya ya riƙe mai rauni, a kuma kula da salansa. Shi kansa ba zai tuƙa keke ko babur ba.

Da dare ya kwanta rigingine ko ta gefe mai lafiya, a ɗora hannun a kan matashi ko tulin tsumma domin kumburi ya sauka. Kada ya kwanta a kansa. Kada yaro ya kwana a jikinsa ta wannan gefe. Maganin zafin da aka bayar a soma sha da zarar an ji yatsu sun fara tsam-tsam, ko kafin a kwanta, gama zafi ya kan dawo gaba ɗaya, sau da yawa da tsakar dare.

Ɗan jinya shi ne idon hannun. Idan an sa filasta ko bandeji, mai rauni ba zai ji ya matse ba. Ɗan jinya ya riƙa duban yatsu da tocila, ya taɓa ya ji ko suna da ɗumi, ya danna farce ya saki. Farce zai yi fari, jini kuma ya dawo cikin kamar daƙiƙa 2. Idan jini ya yi jinkirin dawowa, ko yatsu sun yi sanyi, sun kumbura, sun sake launi, a koma asibiti nan da nan. Haka kuma idan zafi mai tsanani ya taso wanda magani bai kwantar ba, ko kwana 2 sun cika hannu bai farfaɗo ba. Ɗan tsam-tsam a yatsa ɗaya ya kan iya daɗewa makonni ya wuce. Raunin jijiya na dindindin ba kasafai ya ke faruwa ba.

Abin da ƙungiya za ta yi

Ba kowane asibiti ne ya ke da wanda ya koyi wannan allura ba, kuma ba kowane aiki ne ta dace da shi ba. Ƙananan yara, alal misali, ba su iya tsayawa cik. Likita ne zai yanke shawara, amma mai rauni yana da ikon tambaya ko za a iya kashe hannun kaɗai. Sakataren ƙungiya ya bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da a ke yin aikin ƙashi da na hannu, da kuɗin mota zuwa can, a ware wani abu a asusu dominsa. Muna kuma gargaɗi da babbar murya: wannan ba aikin mai kemis ba ne, ba na mai yawo da allura a kasuwa ba. Inda babu iskar numfashi da kayan farfaɗo da mutum, ba a yinta.

A taro mai zuwa, bayan addu'ar buɗewa, a shimfiɗa tabarma. Maza su yi nasu, mata su yi nasu. Mutum ɗaya ya kwanta, wani ya zama likita. A gwada juyin fuska na allurar wuya, da sauke kafaɗa da miƙa hannu wajen gwiwa, da jinjinar hamata ba tare da wuce kafaɗa ba. Mai agogo ya ƙirga minti 5, wanda ya zama likita ya riƙa jefa tambayoyi, sauran jama'a su duba ko mai kwanciya zai gyaɗa kai ko ya juyo. Sa'an nan kowa ya koyi ɗaura ƙyallen rataye hannu da ɗankwali, ya kuma danna farcen maƙwabcinsa ya ga yadda jini ya ke dawowa.